"Wannan Wat Nawa Ce?": Abin da Tsofaffin Sifikun Situdiyo Ke Faɗa Game da Lasifikar Garinku

Duk wanda kwamitin masallaci ko na makarantar Islamiyya ya taɓa turawa Kano daga Sule Tankarkar ko Gumel don sayen kayan sauti, ya san tambayar farko da ake yi a bakin shago: "Wannan wat nawa ce?" Mai shago ya faɗi lamba. In lambar ta yi girma sai a ce ta yi, a biya, a ɗaure a mota. Bayan 'yan watanni ka ji lasifika ta fara ƙugi kamar mai mura, ko amfilifaya ta yi hayaƙi, a sake bin masallata da karo-karo.

To ga abin da ya kamata ya ɗaure maka kai, mai karatu. Lasifikar nan mai bakin ƙaho da ke saman masallaci, amfilifayarta ba ta wuce wat 30 ba, batirin mota ne ke riƙe da ita, amma ana jin kiran asuba kalma-kalma a ƙauyen da ke gaba. Mai kayan kiɗa kuwa ya zo gidan biki da manyan akwatuna da janareta da amfilifaya mai rubutun dubban wat, in ka ɗan yi nisa ba abin da ke iso ka sai dum-dum. Ina sauran wat ɗin suka tafi?

Amsar tana cikin tarihin wasu sifiku da yawancinmu ba mu taɓa gani da ido ba, wato waɗanda injiniyoyi ke saurare da su a ɗakin naɗar sauti, waɗanda ake kira monita. Ita monita ba a yi ta don ta daɗaɗa wa kunne ba. Aikinta ta gaya wa injiniya gaskiyar abin da aka naɗa, ko da gaskiyar ba daɗi. Shi ya sa babu sifikun da aka auna, aka rubuta bayaninsu dalla-dalla kamarsu. In ka jera huɗu daga cikin tsofaffin, Altec 604 ta Amurka, Tannoy da LS3/5a na Ingila, da Yamaha NS-10 ta Japan, za ka ga kowacce an ƙera ta ne daidai da amfilifayar zamaninta. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Lambar da ba a tambaya

Kafin mu shiga tarihin, riƙe ma'auni ɗaya. Ana ba sifika wutar wat 1, a tsaya mita 1 a gabanta, a auna ƙarar da ta fitar da ma'aunin desibel. Lambar da aka samu ita ce ke nuna yadda sifikar ke amsa wuta. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60. Kuma desibel yana da wata ɗabi'a: in kana son ƙarin desibel 3 kacal, sai ka ninka wat sau biyu. In desibel 10 kake so, wat sau goma, kuma kunnenka zai ce ƙarar ta ninka sau biyu ne kawai. Ke nan wanda ya bar amfilifayar wat 50 ya sayi ta wat 100, desibel 3 ya saya da kuɗinsa. Za a ji bambancin, amma ba wanda zai ce an sauya na'ura.

Ga kuma abin takaicin. Sifikar akwati da ke ba da desibel 92, kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da ka ba ta ne kawai ke zama sauti. Sauran casa'in da tara zafi ne. Sifika, in an bi ta lissafi, hita ce da ke ɗan yin ƙara.

Zamanin da wat ke da tsada

Tsarin sifikar da muka sani yau, naɗin waya a cikin mayen ƙarfe yana tura takarda mai siffar mazurari, Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric ne suka bayyana shi a 1925. Shekara biyu bayan haka, a 1927, fim mai magana ya kankama a Amurka, sai matsala ta taso: ga zauren sinima mai cin mutum dubu ko fiye, ga amfilifaya mai bawul, waɗannan kwalaben gilashi masu ɗaukar zafi, da ƙyar take ba da 'yan wat. Injiniyoyin Western Electric ba su da inda za su samo ƙarin wuta, don haka suka koma kan hana wadda ke akwai zubewa.

Dabarar da suka kama ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa jin kakaki a ƙofar fada. Leɓen mai busa ɗan ƙarami ne, in ya kaɗa shi a fili ba wanda zai ji daga nesa. Iska ba ta da nauyi, abin da ke girgiza yakan ture ta ne ta kauce, kamar ka yi ƙoƙarin tuƙa kwale-kwale da tsinke. Amma in ka matse iskar a siririn maƙogwaro, sannan ka bar bututun yana buɗewa a hankali har zuwa faffaɗan baki, sai iskar ta rasa wurin kaucewa, dole ta karɓi ƙarfin. Haka ƙaho ke ɗaga ribar daga kashi ɗaya zuwa kashi goma, ashirin, wani lokaci fiye. Sannan yana tattara sautin ya nufi gaba da shi maimakon ya watsu ko'ina.

Daga wannan gidan Altec 604 ta fito a 1944, James B. Lansing na cikin waɗanda suka ƙera ta, mutumin da daga baya ya kafa JBL. Takardarta inci 15 ce, ita ke ɗaukar kaurin sauti, sannan a tsakiyarta aka dasa ɗan ƙaho mai ɗaukar siririn sauti, domin duka su fito daga wuri ɗaya. Tana ba da wajen desibel 100 a wat 1. Amfilifayar wat 10 ko 15 ta ishe ta cika ɗaki har mutum ya nemi a rage. Ta daɗe tana mulki a situdiyoyin Amurka, tun daga shekarun 1940 har cikin 1970.

Yaya amonta yake? Gaba-gaba take. Tsakiyar sauti, inda muryar mutum take, tana fitowa kamar an matso da mai maganar kusa da fuskarka, har da ɗan amon hanci irin na wanda ya yi magana ta cikin tafukansa. Can ƙololuwar siririn sauti kuma ba ta kai na zamani ba. Amma wajen bugu, ba a magana. In makaɗi ya sauke gula a kan kalangu, bugun yana zuwa maka a tsaye, da kaifinsa, ba a danne shi ba. Kuɗin da aka biya shi ne girma: akwatinta ya kai ƙaramin firji.

A Ingila kuwa, Ronald Rackham na kamfanin Tannoy ya fito da tasa a 1947. Shi ma ya sa ƙaho a tsakiya, sai dai ya yi wayo: maimakon ya dasa ƙaho daban da zai leƙo waje, sai ya bar siririn sautin ya ratso ta tsakiyar mayen ƙarfen, takardar babbar sifikar da kanta ta zama bakin ƙahon. Sakamakon shi ne amo mai laushi fiye da na Altec, mai ɗumi a ƙasa, da ƙarancin amon hanci, amma ta ɗan rage ƙarfi: wajen desibel 92 zuwa 94 ake ba manyan nata. Kamfanin faifai na Decca na cikin waɗanda suka fara saye. Masu tara tsofaffin kaya suna kiran zubinta da launin murfin mayen ƙarfen: mai ruwan azurfa a shekarun 1950, ja daga 1958, mai ruwan zinariya daga 1967. Sunan Tannoy ya bi bakin mutanen Ingila har ya zama duk lasifikar sanarwa a tashar jirgi haka suke kiranta, kamar yadda mu ma kowane garin wanki Omo ne.

Abin sha'awa, a shekarar da Altec 604 ta fito, 1944, a shekarar ne aka buɗe tashar rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Kano, bayan ta Legas a 1935 da ta Ibadan a 1939. Abin da ake kai wa gidaje da wuraren taruwa a lokacin akwati ne mai sifika da maɓallin ƙara murya, waya ce ke kawo masa sauti daga babbar amfilifaya guda a tasha. Wato sifika ta riga akwatin rediyo shiga gidaje da yawa a birni. Riƙe wannan tsarin na amfilifaya ɗaya da sifiku barkatai a doguwar waya, za mu dawo kansa. Daga baya aka kafa gidan rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa a 1962, inda muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos suka riƙa isa garuruwa irin Gumel da Maigatari, akasari ta 'yar ƙaramar sifikar rediyo mai batir.

Da wat ya yi araha

A 1954 wani Ba'amurke, Edgar Villchur, ya nuna cewa za a iya samun kaurin sauti mai zurfi daga ƙaramin akwati in an rufe shi ruf, iskar ciki ta zama kamar sifirin. Sharaɗin shi ne takarda ta yi nauyi, kuma mai nauyi sai da ƙarfi take motsi. Daga nan aka fahimci wata doka da har yau ba wanda ya karya ta: ƙanƙantar akwati, zurfin kaurin sauti, da ƙarancin cin wuta, biyu kawai za ka samu cikin ukun. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Da taransista ta maye gurbin bawul a shekarun 1960, wat 50 da 100 suka zama abin da kowa zai iya saye, sai masu ƙira suka ce to, a sadaukar da ƙarancin cin wutar. Tannoy ma da ta fitar da mai ruwan zinariya, ta sauke turjiyarta daga om 15 zuwa om 8 ne don ta dace da amfilifayar taransista.

Babu inda wannan sadaukarwa ta fito fili kamar a LS3/5a. BBC, wadda sashenta na Hausa ya fara watsa shiri a 1957, tana da sashen bincike na kanta, kuma tana buƙatar 'yar monita da za ta shiga motar ɗaukar shiri a waje, inda injiniya ke zaune a matse, sifika na dab da kunnensa. A tsakiyar shekarun 1970 suka kammala ta: akwatin katako mai cin kamar lita 5, tsawonsa wajen santimita 30, da sifiku biyu na kamfanin KEF, babbar ba ta wuce tafin hannu ba. BBC ba ta ƙera ta don kasuwa da kanta ba, ta ba kamfanoni irin su Rogers da Spendor da Harbeth lasisi, da sharaɗin kowacce ta yi amo iri ɗaya da 'yar'uwarta, yadda in ɗaya ta lalace za a ɗauko wata a sa ba tare da an ji bambanci ba.

Ƙaramar sifika ta ɗabi'a tana da yawan tsakiya da ƙarancin ƙasa. Don a daidaita, sai aka sa mata da'irar lantarki a ciki da ke danne tsakiyar har ta sauko daidai da ƙasan. Wato da gangan ake zubar da wuta don a sami amo madaidaici. Abin da ya rage shi ne desibel 82 zuwa 83 a wat 1, ribar da ba ta fi kashi ɗaya cikin dubu da kaɗan ba. A madadin haka, muryar mutum tana fita daga cikinta kamar mutumin yana ɗakin. A ganina, in muryar mai karanta labarai ce, ko kuntigin Ɗan Maraya da muryarsa su kaɗai, cikin huɗun nan babu wadda ta kama ƙafarta. Amma ka ba ta taron kalangan Shata da 'yan amshi ka ce ta yi ƙara, nan za ka ga iyakarta. Ƙasa da girgiza 70 zuwa 80 a daƙiƙa ba ta da abin faɗa, kuma ƙararta ba ta wuce wajen desibel 95 ko me ka ba ta.

Ita kuwa Yamaha NS-10, mai farar takarda, labarinta daban ne. An fitar da ita a 1978 don falon gida, masu sauraro ba su yi na'am da ita ba. Tana da tudu a wajen girgiza 1,500 zuwa 2,000 a daƙiƙa, daidai inda kunne ke saurin gajiya, kaurinta kuma siriri ne. Sai injiniyoyin haɗa waƙa, fitacce a cikinsu Bob Clearmountain, suka gano cewa wannan rashin kunyar tata ita ce amfaninta: in murya ta nutse a cikin kiɗa ko wani abu ya yi tsauri, nan take za ta tona. Har takardar goge hanci suke liƙa wa ƙaramar sifikar sama don rage mata kaifi. A 2001, shekarar da Yamaha ta daina ƙera ta, Philip Newell da Keith Holland suka auna ta tare da wasu monitoci da dama, suka ga tana da saurin yin shiru da zarar sauti ya tsaya, ba ta jan kaurin sauti kamar akwatuna masu rami. Tana ba da desibel 90 a om 8. In ka taɓa ganin hoton situdiyo da wasu baƙaƙen akwatuna biyu masu farin ido a kwance a kan teburin haɗa sauti, to ita ce, ko masu kwaikwayonta.

Wani ɗan ratse da ya shafi nahiyarmu: mayen ƙarfen tsofaffin Altec da Tannoy da JBL haɗi ne mai sinadarin kobal a ciki, kuma babban kaso na kobal ɗin duniya daga Zayar yake fitowa, ƙasar da yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. Da yaƙi ya ɓarke a Kolwezi, yankin ma'adinan Shaba, a 1978, farashin kobal ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin suka koma baƙin mayen ƙarfe mai araha irin wanda kake gani a bayan sifikun yau. Har gobe masu tara tsofaffin kaya suna raba su gida biyu, na kafin wannan canji da na bayansa, kuma na kafin sun fi tsada.

A jera su a ma'auni

Bari mu yi lissafin da mai shago ba ya yi. Sauti ba a miƙe yake ba, yana da raɗa yana da tsawa. A naɗin kiɗan ganga da ba a matse ba, ƙololuwar bugu takan fi matsakaicin ƙarar da desibel 15 ko fiye. Ka ce kana sauraro a desibel 85, to bugun yana neman 100. A mita 1, Altec wat 1 take so. Tannoy wajen wat 4 zuwa 6. NS-10 wat 10. LS3/5a wajen wat 50, wanda ya fi abin da aka yi ta ta ɗauka. Ka ga abin mamaki: mafi ƙanƙanta ita ce mai neman babbar amfilifaya, ƙatuwar kuma ta ƙoshi da 'yar mitsitsiya.

Me ke faruwa in amfilifaya ba ta da abin da bugun ke nema? Sai ta yanke kan sautin, kamar doguwar mota ta shiga ƙarƙashin gajeriyar rumfa. Wannan yankan shi ne ƙugin da kake ji. Kuma amfilifayar da aka mure har tana yanka, wutar da take turawa kusan a miƙe take, babu hutu, naɗin waya yana ta ɗaukar zafi har ya ƙone. Shi ya sa ƙaramar amfilifaya da aka tilasta ke kashe sifikar da lambarta ta fi tata girma. Tun kafin a kai ga ƙonewa ma, zafin yana cin ƙara. Turjiyar wayar tagulla tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. In naɗin ya ƙara digiri 100, abin da ba wuya a sifikar da ake gana wa azaba, turjiya ta hau da kashi 40, ka rasa kusan desibel 3. Rabin wat ɗinka ke nan. Sifikar da wat 1 ya ishe ta ba ta san wannan ciwon ba, kuma babban sirrin kaifin bugun Altec ke nan. Yanzu ka tuna da zafin Afrilu a Gagarawa, da lasifikar da ta yini a rana a kan kwano kafin a kunna ta da azahar.

Sai turjiya, lambar nan mai alamar Ω a bayan na'ura. LS3/5a ta farko om 15 ce. Amfilifayar taransista da aka rubuta wa wat 50 a om 8, wajen wat 27 kawai za ta iya ba ta. Ba ta jan wuta da yawa, matsin wuta take so. Ita kuma tsohuwar Altec ko jar Tannoy, an daidaita su ne da amfilifayar bawul, wadda ba ta riƙe takarda da ƙarfi, tana barinta ta ɗan yi lilo, kaurin ya cika. Ka haɗa su da ta taransista mai riƙon ƙarfe, wasu za su ce maka kaurin ya bushe. Sannan duk ɗan huci ko gurnanin da amfilifaya ke yi, wanda LS3/5a za ta haɗiye, Altec za ta shelanta shi. Mai saurin ji ba ya zaɓen abin da zai ji.

Mu dawo gida

A yawancin garuruwan masarautar Gumel, abin da ke riƙe da kayan sauti batir ne da faranti mai zuƙar rana, ko janareta da man da ake awo da kwalba. Ma'ana, mun fi kusa da injiniyan sinima na 1930 fiye da mai situdiyon Landan na 1980: wat yana da tsada a wurinmu. Shi ya sa lasifikar ƙaho ta Ahuja ta Indiya ko TOA ta Japan ta zauna daram a masallatai da tashoshin mota da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. Jikanyar waɗancan ƙahonin sinima ce. Irinta kan ba da desibel 105 zuwa 110 a wat 1. Ɗauki 108. Ba ta wat 30, ta kai wajen 123. A fili, duk ninkin nisa yana cin desibel 6, don haka a mita 100 saura 83, a mita 500 saura wajen 69, har yanzu sama da hira. Akwatin biki mai desibel 95 sai ya ci wuta ninki ashirin kafin ya kamo ta. Da asuba kuma iska tana taimakawa: ta ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sautin da zai tsere sama ya lanƙwaso ƙasa. Busasshiyar iskar hunturu kuwa ta fi shan siririn sauti, kalmomi su riƙa dusashewa da nisa.

Wat ɗin da aka rubuta a kwali ma a bi shi a hankali. In ka ga "5000W PMPO" a na'urar da ke aiki da batir mai bolt 12, yi lissafi: wat dubu biyar a bolt 12 yana neman amfiya sama da 400, abin da ya fi wanda kan tada injin ƙaramar mota. Siririyar wayar da ke jikinta da tuni ta narke. Lambar da ke da ma'ana ita ce mai RMS a gefenta.

Me ƙahon ya sadaukar? Kaurin sauti gaba ɗaya. Irin na masallaci ba ya fitar da abin kirki ƙasa da girgiza 300 ko makamancin haka. A nan akwai tambayar da ta shafe mu musamman. Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya, hawa da saukar murya ne ke raba su. Tushen muryar namiji baligi kuwa yana tsakanin girgiza 85 zuwa 180 ne, ƙasa da inda ƙahon ya fara aiki. To ta yaya muke gane karin a lasifika? Muryar da tushenta 120 ne tana tafe da 'ya'yanta, 240, 360, 480, 600, haka har sama. Ƙahon ya yar da tushen da na farko, amma tazarar da ke tsakanin sauran tana nan, 120. Ƙwaƙwalwa tana jin tsarin, ta mayar da tushen da babu shi. Haka take yi a wayar tarho, wadda tun asali tsakanin 300 da 3,400 take aiki. Don haka magana da kiran salla suna tsira a ƙaho. Kiɗa ne ba ya tsira, shi ya sa waƙa a lasifikar mai tallan magani take fita kamar daga cikin gwangwani.

Wannan kuma shi ne ke kashe yawancinsu. Ƙasa da inda ƙaho ke riƙe iska, ɗan tantanin da ke cikin kan lasifikar yana kaɗawa ne a banza, da nisa fiye da yadda aka yi shi, har ya bugi bango ko ya yage. Maɓallin kaurin sauti da ake murewa don "murya ta yi nauyi" ba ya ƙara komai a waje, tantanin kawai yake ci. A rage shi ƙasa, a kuma hana busa makirufo da bugunsa da yatsa don gwaji.

Sai haɗin waya. Kan lasifika guda yawanci om 16 ne. Biyu a haɗe baki-da-baki sun zama 8, huɗu sun zama 4, takwas sun zama 2. Duk lokacin da aka ce "a ƙara ɗaya ta fuskanci yamma" aka murɗa wayarta a kan ta sauran, turjiya tana sauka, amfilifaya tana ƙara jan wuta, har ranar da za ta yi hayaƙi. Dubi bayan amfilifayar: akwai wurin 4, da 8, da 16, dole jimillar ta dace da inda aka ɗaura. Akwai kuma wurin da aka rubuta 100V. Wannan shi ne tsarin amfilifaya ɗaya da sifiku barkatai irin na Kano a 1944: ana ɗaga matsin wuta don doguwar waya kada ta shanye shi, kowace lasifika kuma tana da 'yar taransifomarta da ke ɗibar rabonta. In lasifikun sun wuce huɗu ko wayar ta yi tsawo, nan ne mafita, da sharaɗin kowacce tana da taransifoma, kuma jimillar wat ɗinsu bai wuce na amfilifaya ba. Ka ɗaura lasifika marar taransifoma a wurin 100V, to ka shirya komawa Kano.

Cikin masallaci kuma wani abu ne daban. Ƙahon da aka yi don mita 500, in ka rataye shi a ɗakin siminti mai tayil, sahun gaba yana shan desibel sama da 100, sahun baya yana shan amsa-kuwwa, huɗuba ta zama hayaniya. Ƙa'idar hukumar NIOSH ta Amurka ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, wato a desibel 100 minti 15 ne. Dattawan da ke sahun farko kullum su ne a bakin wannan. A ciki, tunanin BBC ne ya dace: ƙananan sifiku da yawa, kowacce kusa da masu sauraronta, kowacce a hankali. Dogayen sifikun bango guda huɗu ko shida a layin 100V, kowacce a kan wat 5 ko 10, za su fi ƙaho biyu fitar da kalma, kuma batirin da ke akwai zai ɗauke su.